Fashin Baƙi: Ta yaya tarin fuka ke tashi daga ɗalibi ɗaya ya bi aji guda?

Duk lokacin da labari ya fito cewa an samu ɗalibai goma ko ashirin da tarin fuka a makaranta ɗaya, abin da iyaye ke fara tambaya shi ne, wai wani sabon nau'in cutar ne ya shigo mai saurin yaɗuwa? Wasu su ce ai daga kofi ne ko cokalin da yaran ke haɗawa, wasu kuma su ce yaron da ya fara ne ya kwaso daga gida don a jininsu abin yake. To tambayar dai ita ce, me ke sa ƙwayar ta tashi daga ƙirjin yaro ɗaya ta bi aji guda ko ɗakin kwana guda, kuma wannan magana ta nau'i da masana ke yawan yi ina ta shiga cikin lamarin?

Nau'in ƙwayar yana da nasa tasirin, za mu zo kansa. Amma idan ka bi labarin makarantun da abin ya ɓarke a cikinsu za ka ga abu biyu ne ke ta maimaituwa, tsawon lokacin da mai tarin ya ɗauka yana shiga aji ba a gano shi ba, da kuma irin iskar da ke cikin ɗakin.

Kamuwa daban, rashin lafiya daban

Nan ne ruɗanin ke farawa. Ƙwayar da ke kawo tarin fuka bakteriya ce, sunanta Mycobacterium tuberculosis, wani likita Bajamushe Robert Koch ne ya sanar da gano ta ranar 24 ga Maris 1882, shi ya sa ake ranar tarin fuka ta duniya a wannan rana. Ba gado ake yi ba, ɗauka ake yi. Abin da ya sa ake ganinta tana bin dangi shi ne ɗaki ɗaya suke kwana, iska ɗaya suke shaƙa.

Idan mutum ya shaƙi ƙwayar, yawanci garkuwar jikinsa na killace ta a huhu, sai ta zauna shiru, ba tari ba zazzaɓi, kuma ba ya iya sa wa kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai a cikinsu za ta tasar wa ta zama ciwo a tsawon rayuwarsu, kuma mafi yawan haɗarin yana cikin shekara biyu na farko bayan kamuwa. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne fa, a 2023 kaɗai mutum kusan miliyan 10.8 suka kwanta da ciwon, kusan miliyan 1.25 suka rasu.

Saboda haka idan ka ji an ce "ɗalibai 200 gwajinsu ya nuna", ka tambaya wane gwaji. In na fata ne ko na jini, to cewa yake yi jikinsu ya haɗu da ƙwayar, ba wai su 200 ɗin suna tari suna yaɗawa ba. Rashin bambance wannan shi ke jawo firgici har a riƙa gudun yaran da ba su da haɗari ga kowa.

Ba kofi ba ne, iska ce

Mai tarin fuka na huhu ko maƙogwaro idan ya yi tari ko atishawa, kai ko da magana ce ko waƙa, yana fitar da wasu 'yan ƙananan ɗigo da ido ba ya gani. Manyan sai su faɗi ƙasa, ƙananan kuma ruwansu ya bushe su rage girman mikron 1 zuwa 5 (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), irin waɗannan ba sa faɗuwa da wuri, suna iya yin awoyi suna yawo a ɗakin da ba iska, kamar dai hayaƙi a ɗakin da aka kulle ƙofa da taga, ko wanda ya kunna wutar ya fita hayaƙin na nan. Ƙanƙantarsu ce ma ke ba su damar wucewa can ƙasan huhu inda ƙwayar ke kafuwa.

An tabbatar da wannan tun shekarun 1950 a wani asibiti a Baltimore ta Amurka. Richard Riley da abokan aikinsa suka ja iskar ɗakin masu jinyar tarin fuka ta bututu zuwa wani ɗaki da aka ajiye ɓerayen masar, ba su taɓa marasa lafiyan ba, ba su ci abincinsu ba, iskar kawai suka shaƙa, kuma suka kamu. Wani abin da binciken ya nuna wanda ya shafi makarantu kai tsaye shi ne ba duk marasa lafiya ke yaɗawa daidai ba, 'yan kaɗan ne suka jawo mafi yawan kamuwar, waɗanda kuma aka ɗora a kan maganin da ke aiki yaɗawarsu ta faɗi ƙasa sosai.

Don haka raba wa yaro kwano da kofi, ko ƙin gaisawa da shi, ba ya tsare kowa, sai dai ya ƙara masa baƙin ciki. Akwai dai wata 'yar'uwar ƙwayar ta shanu da ake iya ɗauka ta madarar da ba a dafa ba, amma ba ita ke bin azuzuwa ba.

Me ya sa ya fi yawa a sakandare da makarantun kwana?

Ƙaramin yaro ɗan ƙasa da shekara goma in ya kamu da ciwon, ƙwayoyin da ke huhunsa kaɗan ne, tarinsa ba ƙarfi, ba kasafai yake sa wa wani ba. Shi ya sa in aka ga tarin fuka a firamare ko ajin yara ƙanana, abin da ma'aikatan lafiya ke fara nema shi ne wani babba da ke kusa da su, malami, mai dafa abinci, direba, ko wani a gida. Su ƙananan nan, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, haɗarinsu a kansu yake, don ciwon kan iya haura musu ƙwaƙwalwa ko ya bazu a jiki da sauri.

Amma da yaro ya balaga sai labari ya canza. Ɗan shekara 14 ko 17 tarin fukansa irin na manya ne, ƙwayar na iya cin huhu ta yi rami, ramin nan cike yake da ƙwayoyi kuma a buɗe yake zuwa hanyar numfashi. Ga shi a wannan shekarun haɗarin tashin ciwon ma yana ƙaruwa. To ka ɗauki irin wannan matashi ka zaunar da shi cikin mutum hamsin ko sittin awa shida ko bakwai kullum, in makarantar kwana ce kuma da dare a koma ɗaki ɗaya gado kan gado, an rufe tagogi saboda sanyi ko sauro ko tsaro, a kwana ana shaƙar numfashin juna. Tarin fuka ba kamar ƙyanda ba ne da wucewa ɗaya ke isa, yawanci sai an daɗe tare, kuma makaranta wuri ne da ake daɗewa tare dole.

Akwai wani misali daga wata jami'a a Taiwan da ya kamata duk shugaban makaranta ya sani. Tarin fuka ya yi shekaru yana bin ɗalibai a wani gini, da aka auna iskar ɗakunan sai aka tarar iskar kabon da mutane ke fitarwa in sun yi numfashi, wato CO2, ta haura 3000 a ma'aunin ppm, wato kashi 3000 cikin miliyan na iskar ɗakin, alhali iskar waje wajen 400 take. Ma'ana wani kaso na abin da kowa ke shaƙa ya riga ya fito daga huhun wani. Da aka gyara hanyar shigar iska adadin ya sauko wajen 600, sai yaɗuwar ta tsaya. Ƙwayar dai ita ce, ba ta canza ba, ginin ne aka canza.

Sai kuma yanayin jikin yaran. Rashin isasshen abinci mai gina jiki, ƙanjamau, ciwon suga, shan taba, duk suna raunana garkuwa su sa ƙwayar da ta kwanta ta tashi. Yara biyu za su shaƙi iska ɗaya, ɗaya ya kwanta ɗaya ko a jikinsa.

To mene ne nau'i?

Ƙwayar tarin fuka ba iri ɗaya ba ce sak a duk duniya, tana da zuri'o'i. Masana sun kasa manyan da lamba. Zuri'a ta 4 ita ta fi bazuwa, ana samunta kusan ko'ina. Ta 2 ita ce ta gabashin Asiya wadda reshenta da ake kira Beijing ya yi suna. Ta 5 da ta 6 kusan a Afirka ta Yamma kawai ake ganinsu, ta 7 kuma a Habasha. A ƙarƙashin kowace akwai rassa da yawa, har a sauko kan ainihin ƙwayar da ke ƙirjin mutum ɗaya.

A 1998 aka kammala karanta dukkan ƙwayoyin gadon wannan bakteriya, haruffa kusan miliyan 4.4. Abin da ya sa wannan ya yi amfani shi ne ƙwayar ba ta gaggawa, tana ɗaukar awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, kuma canjin da ke shiga cikin haruffanta kaɗan ne ƙwarai, a matsakaici wajen harafi ɗaya a shekara biyu. Saboda haka idan aka ɗauki kakin ɗalibai biyu aka raini ƙwayar a ɗakin gwaji aka karanta, in bambancinsu bai wuce haruffa biyar ba to kusan tabbas sarƙa ɗaya ce ta kwanan nan, in kuma ya kai ɗaruruwa to ba ruwan wannan da wancan, kowa daga inda ya ɗauko.

Ka ga amfanin? A ce an samu ɗalibai takwas da ciwon a makaranta ɗaya cikin shekara guda. In ƙwayarsu duk ɗaya ce, to a cikin makarantar ake yaɗawa, dole a binciki ɗakunan kwana da azuzuwa a nemo wanda ba a gano ba tukuna. In kuma nau'i biyar aka samu daban daban, to makarantar madubi ce kawai ta abin da ke faruwa a gidaje da unguwanni, rufe ta ba zai kashe wutar ba. A ƙasashen da cutar ta yi yawa wannan na biyun yana faruwa sosai. Wani lokaci ma binciken na wanke yaron da kowa ya ɗora wa laifi, a ga ashe wanda aka fara ganowa ba shi ya fara ba, shi dai aka fara kaiwa asibiti. Sai dai gwajin ba ya faɗa maka kai tsaye wane ya sa wa wane, dole a haɗa da tambaya, wa ya fara tari, wa ke kwana kusa da wa.

Shin akwai nau'in da ya fi wani iya yaɗuwa? Nan masana sun ɗan rabu. Bincike da dama sun danganta reshen Beijing da saurin bazuwa da kuma yawan bijire wa magani, musamman a Rasha da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Wasu kuma na cewa a yi hattara, don wuraren da ya bazu su ne wuraren da aka yi cunkoson gidajen yari da taɓarɓarewar asibitoci, ba lalle ƙwayar ce kaɗai ta yi aikin ba. Ni dai a ganina ga uba ko malami wannan muhawara ba ta canza abin yi, ko wane nau'i ne ta iska yake bi.

Nau'in da ba ya jin magani

Inda maganar nau'i ta zama ta rai da mutuwa shi ne nan. Maganin tarin fuka na yau da kullum wata shida ne, wata biyu ana shan haɗin magunguna huɗu, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide da ethambutol, sai wata huɗu ana shan biyun farko. Cikin 'yan makonni mutum zai ji sauƙi, tari ya lafa, ya fara cin abinci, a nan ne da yawa ke ajiye maganin su ce sun warke. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, in suka farfaɗo sai a wayi gari isoniazid da rifampicin ba sa yi musu komai. A 2023 mutum wajen 400,000 ne suka kamu da irin wanda rifampicin ba ya kashewa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba sai ka yi wasa da magani kake samun irin wannan ba. In mai ɗauke da shi ya yi tari ka shaƙa, to shi ka ɗauka kai tsaye, ko ba ka taɓa haɗiyar ƙwayar magani ɗaya ba. A farkon shekarun 1990 haka ta faru a wata sakandare a jihar Kalifoniya ta Amurka, wata ɗaliba ta daɗe da ciwon ba a gano ba, da aka gwada 'yan makarantar a 1993 kusan 300 suka nuna alamar kamuwa, kuma ƙwayar mai bijire wa magani ce.

Yanzu dai an samu sauƙi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert wadda cikin awa biyu za ta duba kaki ta ce akwai ƙwayar ko babu, kuma ta faɗa ko rifampicin zai yi aiki. A 2022 kuma ta amince da sabon haɗin wata shida na sha da baki don mai bijirewar, ga 'yan shekara 14 zuwa sama, maimakon na da da ake kai wata 18 ko fiye har da allurai.

Jinkiri

Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin. A 2001 a wata sakandare a Lesta ta Ingila, wani ɗalibi ya yi watanni yana tari ana ba shi maganin asma, kafin a gane ainihin abin da ke damunsa ɗalibai sama da 60 sun kamu da ciwon, sama da 200 kuma ƙwayar ta kwanta a jikinsu. A 2017 a gundumar Taojiang ta lardin Hunan a ƙasar Sin, gommai na ɗaliban ajin ƙarshe masu shirin jarabawar shiga jami'a suka kamu, har aka sauke wasu jami'ai daga muƙamansu saboda sakaci. Ƙasashe ne masu asibitoci da kuɗi fa.

Me ke kawo jinkirin? Alamun a hankali suke shigowa. Yaro na tari sati uku ana cewa mura ce, yana zazzaɓi da yamma a ba shi maganin zazzaɓi ya ɗan lafa, da asuba ya tashi rigarsa jagab da gumi alhali ba zafi ake yi ba, wandonsa ya fara zame masa a ce wahalar karatu ce. Malamin da ke ganinsa kullum ba ya lura da ramar, sai an yi hutu iyaye su gan shi gabansu ya faɗi. Ba kowa ke tofar da jini ba, jiran jini kafin a yi gwaji babban kuskure ne, tarin da ya kai sati biyu ya isa dalili.

Sannan ga tsoro. Yaron na tsoron a mayar da shi gida jarabawa ta wuce shi, iyaye na tsoron a yi da su, makaranta na tsoron sunanta ya ɓaci iyaye su kwashe yaransu. Kowa ya yi shiru don kare kansa, ƙwayar kuma na samun ƙarin makonni. Duk makarantar da ke hukunta yaro don ya faɗi ciwonsa, to ta koya wa na gaba ya ɓoye nasa.

Inda ake saɓani

A rufe makaranta ko kar a rufe? Iyaye a firgice sukan ce a rufe, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Ma'aikatan lafiya kuma yawanci ba sa goyon baya, hujjarsu ita ce wanda zai kamu ya riga ya kamu makonni ko watanni da suka wuce, in aka watsa yara gida sai a rasa inda za a same su a gwada, mai ciwon da ba a gano ba kuma ya kai wa ƙannensa ƙanana. Na fi karkata ga wannan, amma da sharaɗin a yi gwajin da gaske, ba a bar makaranta a buɗe a yi shiru ba.

Sai batun tsawon lokacin da za a dakatar da mai ciwon. In ƙwayar mai jin magani ce kuma yana sha yadda ya kamata, yaɗawarsa na raguwa sosai da wuri, ƙa'idar da aka fi bi ita ce wajen sati biyu da fara magani tare da ganin sauƙi, sannan likita ya ba da izini. Wasu ƙasashe na tsawaitawa ga ɗalibai, musamman 'yan makarantar kwana, mai bijire wa magani kuma sai gwajin kakinsa ya nuna babu. Abin da ba shi da hujja shi ne kora gaba ɗaya.

Wasu kuma kan ce ai an yi wa yarana allurar BCG ga tabon nan a dantse. Allurar tun 1921 ake amfani da ita kuma tana da amfani ƙwarai, tana kare jarirai da ƙananan yara daga munanan nau'o'in ciwon kamar na ƙwaƙwalwa. Amma kariyarta daga tarin huhu a matasa da manya ba abin dogaro ba ce, mai tabo na iya kamuwa.

In abin ya faru a makarantar ɗanka

Za a fara da mafi kusa, 'yan ɗakin kwanansa da 'yan ajinsa da abokansa da malamansa, in aka ga kamuwar ta yi yawa sai a faɗaɗa. Za a yi tambaya kan alamu, a ɗauki hoton ƙirji, mai tari a gwada kakinsa, sauran a yi musu gwajin fata da ake dubawa bayan awa 48 zuwa 72, ko na jini. Wanda ƙwayar ta kwanta masa ana ba shi maganin kariya don kar ta tashi, akwai na isoniazid wata shida, akwai na haɗinsa da wani ɗan dangin rifampicin sau ɗaya a mako na tsawon mako 12. Yaro zai ce me zai sha magani lafiyarsa ƙalau, to nan ne aikin iyaye, don a shekara biyun nan na farko ne ciwon ya fi tashi. In kun ga fitsarinsa ko hawayensa ya koma ja-ja kar ku tsorata, aikin rifampicin ne da danginsa, amma in ido ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa a koma asibiti da wuri.

Kuma kar a saki jiki da gwajin farko. Jiki na ɗaukar makonni kafin ya nuna ya haɗu da ƙwayar, shi ya sa wanda gwajinsa ya fito babu ake sake masa bayan kamar mako takwas daga ranar da ya rabu da mai ciwon. Iyaye su tambayi makaranta ranar gwaji na biyu, su tambayi ko an duba wane magani ƙwayar ke ji, su kuma nemi a shiga da su ɗakin kwanan su ƙirga gadaje da tagogin da ke buɗuwa.